Kafin Ka Fasa Bangon Gidan Mutane Don Saka Sifika



Yau maganar sana'a za mu yi. Kwanaki wani ƙanena a Tudun Wada, nan Gusau, ya samu aikin saka sifika a cikin bangon falon wani bawan Allah. Ya kalli bidiyo a YouTube, ya ga Bature ya zana da fensir, ya yanka bango da 'yar wuƙa, cikin minti goma ya gama. Shi ma ya ɗauko injin yanka ya hau bangon mutane. Bai yi nisa ba ya datse bututun wayar wuta. Allah ya kiyaye ba a kawo wuta ba a lokacin. Amma kuɗin aikin gaba ɗaya a gyara suka tafi, mai gida kuma bai sake kiransa ba.

To me ya faru? Bangon da ke cikin bidiyon ba irin namu ba ne. A Amurka yawancin bangon cikin gida allon jifsam ne da aka kafa a jikin katako, tsakanin katako da katako inci 16, ciki kuma fayau yake. Mu kuwa a Gusau bulon siminti ne, mai inci 6 ko 9, ga ginshiƙi da linta cike da rodi. In ka leƙa Tsafe ko Bungudu ma, gidaje da yawa ginin ƙasa ne. Ka ga ai ba hanya ɗaya ba ce.

Abin da ya fi kama da nasu a wurinmu shi ne silin POP, don shi ma daga jifsam ake yin sa. Shi ya sa a gidan da aka riga aka gama, saka sifika a silin ya fi sauƙi da arha. Sai dai ka fara gano inda katako da wayoyin fitila suka bi kafin ka huda.

In kuma mai gida ya dage sai a bango, to lokacin aikin shi ne kafin a yi filasta. Ka zauna da magini da mai wayarin, a bar gurbin sifika, a binne bututunta daban. Kar ka taɓa sassaƙar ginshiƙi ko linta, su ke riƙe da ginin.

Abu uku zan roƙe ku ku riƙe.

Na ɗaya, wayar sifika ba ta shiga bututu ɗaya da wayar wuta. Wutarmu bolt 230 ce, haɗari ne, kuma sauti zai iya yin gunji. A cikin silin ma ka sa ta a bututu saboda ɓera.

Na biyu, ja ya tafi wurin ja, baƙi wurin baƙi. In ka juya a sifika ɗaya, za ka ji sautin ya zama siriri, nauyinsa ya ɓace.

Na uku, lissafi. Yawancin sifikun nan om 8 ne. Ka haɗa biyu a baki ɗaya na amfilifaya, sun koma 4. Ka haɗa huɗu, sun koma 2, kuma ƙananan amfilifaya ba sa ɗauka, sai zafi, sai ƙonewa. Duba abin da aka rubuta a bayan na'urar tukuna.

Me ya sa nake wannan dogon bayani? Kullum muna kukan ba aiki, alhali ga sabbin gidaje ana ta ginawa a Gusau, ga masallatai da makarantu masu buƙatar sauti mai kyau. In ba mu iya ba, daga wani gari za a kira mai yi. Ni da digirina nake gaya muku, bin ubangida wata shida kana riƙe masa tsani ba faɗuwa ba ce. Bidiyo zai nuna maka hannu, amma ba zai nuna maka abin da ke cikin bangon Gusau ba.

Ƙanen nawa yanzu yana bin wani mai wayarin, kuma ba ya taɓa bango sai ya kashe wuta daga babban makunni ya tambayi inda bututu ya bi.

Wanda ke wannan sana'a a Tsafe ko Bungudu, ya gaya mana yadda yake yi da ginin ƙasa, mu ma mu ƙaru. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allah.