Jaririn da aka tsinta: wa ke ɗaukar nauyinsa?

 Yau maganarmu kan gidajen da ke rainon yaran da aka yar ne.

Da yawanmu in an ce gidan marayu, sai mu ɗauka yaran da iyayensu suka rasu ne kaɗai. A'a. Akwai jaririn da aka tsinta a bayan tasha cikin zane, akwai wanda mahaifiyarsa ke da taɓin hankali, akwai wanda ya ɓace ranar kasuwa ba a ga danginsa ba. In ka tsinci yaro, kada ka wuce da shi ruga ko ka tsallaka iyaka da shi, ko da niyyarka alheri ce. Kai shi likita, a sanar da 'yan sanda ko jandarma. A Nijar alƙalin yara ne ke yanke inda za a ajiye shi. A Kano gwamnatin jiha na da gidan yara a unguwar Nasarawa. Ƙungiyar SOS kuma, wadda Hermann Gmeiner ya kafa a Ostiriya a 1949, tana da gidaje a Yamai da Tawa da Doso, inda mace ɗaya ke zama uwa ga rukunin yara a gida guda.

To, ina kuɗin ke tafiya? Madara, jama'a, madara! Jaririn da ba ya samun nonon uwa yana shan wajen kilo 20 na madarar gwangwani a wata shida na farko. Gwangwani mai giram 400 ke nan har guda 50, yaro ɗaya. 'Yan kasuwa kun fi ni sanin farashin, kun kuma ga yadda kaya suka tashi da aka rufe iyaka a 2023. Ga ruwan da sai an tafasa, ga sabulu, ga maganin zazzaɓi, ga masu raino da ke kwana ido biyu, su ma suna da iyali. Sannan takardar haihuwa, wadda in babu ita yaro zai sha wuya wajen zana jarrabawa.

Na san wani Ardo zai ce, ai mu nono gare mu, mu kai ƙwarya guda. Allah ya saka, amma nonon saniya bai dace da cikin jinjiri ba, yana iya yi masa illa. Kindirmo da man shanu a kai wa manyan yara. Na jarirai kuwa, gara ka sayar da ɗan akuya ka sayo gwangwani.

Abin da ke ba ni takaici shi ne lokacin da muke bayarwa. Da azumi da layya nama har ya yi yawa, a yi hoto a watse. Da damina ta kankama, sauro ya yi yawa, hatsi ya yi tsada, sai ƙofar gidan ta yi tsit. Tiya biyu ta gero duk wata ta fi buhu guda sau ɗaya a shekara, don da ita mai kula da gida zai iya yin lissafi.

Masu cewa ba su taimakon ɗan da ba a san ubansa ba, ku tambayi malamanku. A fiƙihun Malikiyya ɗaukar yaron tsintuwa farilla ce a kan al'umma, in wasu suka yi ta sauka a kan saura, in kowa ya ƙi kowa ya yi laifi. Mai tumaki 40 da zai fitar da guda ɗaya zakka, ya tambaya ko za ta iya zuwa can.

In za ka bayar, je da ƙafarka, ka ga yaran, ka nemi takardar izinin gidan daga hukuma, a rubuta maka rasit. Kada ka miƙa wa mai yawo da hoton jarirai a tasha.

Mako mai zuwa za mu duba yadda iyali ke karɓar riƙon irin waɗannan yara bisa doka. A huta lafiya.