Kiran Ubangiji Yana Bakin Ƙofarmu: Jawabi Ga Masu Aikin Sa Kai Na Jega, Aliero Da Maiyama



Da yawa a cikinmu suna tsammanin kiran Allah na fastoci ne kawai da masu bishara da ake aikawa nesa. Ba haka ba ne. Basamariyen da aka ba da labarinsa a Luka sura 10 ba firist ba ne, matafiyi ne da ya ga mutum kwance a hanya, ya tsaya. Mu ma akwai masu kwanciya a hanyarmu kowace shekara, in ƙurar hunturu ta taso har zuwa zafin bazara. Muna maganar ciwon sanƙarau.

A watan Maris na 2025 gwamnatin Jihar Kebbi ta sanar da rasuwar mutum 26, yawancinsu a ƙananan hukumomin Gwandu, Jega da Aliero, ana kyautata zaton sanƙarau ne. Ciwon ya shiga har Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, sai da aka rufe ta na ɗan lokaci. Manyanmu kuma ba su manta da 1996 ba, shekarar da ya kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan.

Sanƙarau yana yaɗuwa ta tari da atishawa, musamman inda ake kwana a cunkushe a ɗakin da iska ba ta shiga. Ga alamunsa: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, wuya ya sanƙare, haske ya dami ido. A jariri, sai a ga maɗiga ta kumbura, ya ƙi nono. Yana iya kisa cikin kwana guda, kuma wasu da suka tashi sukan kurmance. Amma akwai magani a asibiti in an je da wuri. Akwai rigakafi kuma, domin a 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai kāre mutum daga iri biyar na ƙwayar cutar.

To, me Ubangiji yake nema a hannunmu? Abubuwa uku muke roƙo.

Na ɗaya, kowace ikkilisiya ta ware mutum biyu, mace da namiji, su koyi alamun nan wurin ma'aikatan lafiya, su koya wa jama'a bayan sujada.

Na biyu, masu babura da motoci su ba da sunayensu. Mai ciwo a ƙauyen Maiyama da tsakar dare, abin hawa yake bukata kafin komai. A ajiye wani abu daga baiko domin kuɗin mai.

Na uku, ranar da masu rigakafi suka zo, mu fara miƙa 'ya'yanmu, mu kuma raka maƙwabta. Wanda ke sayar da albasa a Aliero ko hatsi a kasuwar Jega yana ganin mutane a rana ɗaya fiye da waɗanda fasto ke gani a wata.

Kada mu tambayi mai ciwo addininsa. Yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne, rijiya ɗaya muke sha, ciwo kuwa bai san masallaci ko majami'a ba. Mu nemi izinin hakimi da mai unguwa, mu gaisa da liman, mu shiga gida da ladabi. Haka 'yan mishan na SIM suka yi jinyar kutare a Amanawa kusa da Sakkwato tun shekarun 1930, ba su zaɓi wanda za su wanke wa gyambo ba.

Addu'a wajibi ce, amma mu yi ta muna kan hanyar asibiti. Wanda ya ji kiran nan a zuciyarsa, ya ga sakataren ikkilisiyarsa kafin Lahadi mai zuwa.

Ubangiji ya ba mu ƙarfin yi masa hidima. Amin.