Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Ɓawon Teku Mai Nuna Shekarun Duwatsu



An umurce ni in yi muku bayani a kan wani abu da talakawa su kan tambaye ku. Idan ma'aikatan binciken ƙasa suka sauka a gunduma da injin haƙa, a kan gan su suna ɗibar ɓarɓashin dutse suna ɗurawa a 'yan jakunkuna, suna rubuta lamba a jikin kowace. Waɗansu su kan ce zinariya a ke ɓoyewa. Ba haka ba ne. Shekarun dutsen su ke nema, kuma ga ɗaya daga cikin shaidun da su ke dogara da su.

A cikin teku akwai wani tsiro ɗan mitsitsi wanda ido ba ya gani, yana yawo a saman ruwa inda rana ke kaiwa. Shi kan lulluɓe jikinsa da 'yan fayafayai na farar ƙasa, kamar sulken mayaƙi. In ya mutu sai fayafayan su nutse, su taru a ƙarƙashin teku, da daɗewa su zama dutse. Ƙanƙantarsu ta kai in an jera 2,000 daga cikin matsakaitansu, ba za su cika inci guda ba. Amma duk da haka su ne suka gina fararen duwatsun alli na gaɓar Doba a Ingila. Ba allin masu kaɗi na ke nufi ba, wanda a ke yi da ƙonannen ƙashi. Wannan dutse ne.

Wani Bajamushe, Ehrenberg, shi ya fara ganinsu da madubin ƙara girma a 1836, amma ya zaci ba daga mai rai suka fito ba. A 1858 Huxley, mutumin Ingila, ya same su cikin taɓon da aka ɗebo daga ƙasan tekun Atlantika, ya raɗa musu suna kokolit. Yau masana sun kasa su uku. Na farko, masu kama da zobe ko faifai, waɗanda aka harhaɗa da gutsattsari masu siffa dabam dabam. Na biyu, waɗanda gutsattsarinsu duk iri ɗaya ne. Na uku, masu baƙuwar siffa, kamar tauraro ko kofaton doki.

To, yaya su ke faɗin shekaru? Sun fara bayyana fiye da shekara miliyan 200 da suka wuce, kuma tun daga sa'an nan wani iri kan ɓace, wani ya fito. Shekara miliyan 66 da suka wuce, sa'ad da wani babban dutse ya faɗo daga sama a ƙasar da ta ke Meziko yanzu, fiye da kashi 9 cikin 10 na ire-irensu suka ƙare, 'yan kaɗan da suka tsira suka sake yaɗuwa. Masu siffar tauraro kuwa sun ɓace kusan shekara miliyan 2 da suka wuce. Malamai sun san yadda a ke gane zamanin tsohuwar wasiƙa da hatimin sarkin da ke kanta. Haka kowane sashe na dutse ya ke ɗauke da hatimin zamaninsa. A 1971 wani masani mai suna Martini ya raba shekara miliyan 66 ɗin nan kashi 46 bisa ga waɗannan ɓawo, har wa yau kuwa ana aiki da lissafinsa.

Amfaninsa a fili ya ke. Ɗan abin da tsinke zai ɗauka ya isa a shafa a kan gilashi a duba. Da haka mai haƙa ke sanin sashen da ya kai, ya gwada shi da na wata rijiya mai nisa, ya san ko ya ci gaba ko ya tsaya kada a yi asarar kuɗi. Masu haƙar man fetur a bakin teku, can Kudu, suna aiki da wannan dabara.

Kada ku ce mu da teku sai labari. Kusan shekara miliyan 60 da suka wuce ruwan teku ya rufe ƙasar Sakkwato, shi ya bar farar ƙasar Kalambaina wadda a ke siminti da ita tun 1967. Ire-iren ɓawon nan kuwa a teku su ke rayuwa, saboda haka inda aka same su an san teku ya taɓa kwanciya a wurin.

Abin da a ke roƙonku uku ne. Ku bayyana wa dagatai da masu unguwa gaskiyar aikin, don jita-jita ta kwanta. Ku hana yara taɓa jakunkunan, gama in an gauraya ƙasar ƙafa 200 da ta ƙafa 500, shaida ta ɓaci, sai an sake haƙa. Malamai kuma, in aka ba ku ajiya, ku rubuta sunan gari da zurfi da rana, da rubutu mai kyau.

Allah ya ja zamaninku, ya ba mu lafiya da zama lafiya.