ƘIBA BAYAN CIWON DAJIN NONO, DA ABIN DA ZA KI TAMBAYA KAFIN KI DANGWALA HANNU

Wannan shi ne jawabin da editan jaridar nan ya yi wa matan ajin yaƙi da jahilci na garin Gude, cikin Ƙaramar Hukumar Kabo.

Na gode wa mazajenku da suka bar ku kuka fito.

Yau maganar ciwon dajin nono za mu yi, wanda wasu ke kira sankarar mama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata miliyan 2 da dubu 300 ne suka kamu da shi a duniya. A Nijeriya shi ne dajin da ya fi kama mata. Kun san alamunsa: ƙululu a nono ko a hammata, jini daga kan nono, kan nono ya shige ciki, ko fatar ta koma kamar ɓawon lemo. Wadda ta ga haka ta tafi Babban Asibitin Gwarzo ko asibitin da ya fi kusa da ita. In da bukata za a tura ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya. Zancen da ake yi cewa daji ba ya son allura ko wuƙa ya sa mata da yawa sun zauna a gida har lokaci ya ƙure.

Amma abin da ya kawo ni shi ne bayan magani. An yi wa mace aiki, ta sha ƙarin ruwa mai wuya, ta dawo gida. Sai me?

Ina da wata gwaggo da aka cire wa nono ɗaya. Da ta dawo, dangi suka yi ta dafifi. Wannan ta kawo fura da sukari, waccan ta kawo man shanu. Wata ma ta sayo mata ƙwayar nan ta sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Ba a bar ta ta ɗaga ko tsintsiya ba. Da ma mace ce mai jiki. Cikin shekara guda hawa dakali ya gagare ta, mu kuwa muna ta murna wai ta murmure. Da muka koma asibiti likita ya yi mana faɗa, ni ma da nake ganin na yi boko na sha nawa.

Ga dalilin faɗan. Akwai wani sinadari a jikin mace mai suna istirojin. Yawancin dajin nono da shi yake girma, kamar yadda shuka take girma da taki. Bayan mace ta daina al'ada, kitsen jikinta ne yake yin wannan sinadari. Wato in kitse ya yi yawa, sinadarin ma zai yi yawa. Likitoci sun daɗe da lura cewa ciwon ya fi dawowa ga mata masu ƙiba sosai.

To, in mace ta rage ƙiba, ciwon zai fasa dawowa? Wannan tambaya ce ta sa aka yi wani babban bincike a Amurka da Kanada. Wata likita mai suna Jennifer Ligibel, ta cibiyar Dana-Farber a birnin Boston, ita ta jagorance shi. Daga 2016 zuwa 2021 aka ɗauki mata sama da 3,000. Duk sun gama babban magani, duk kuma masu jiki ne. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida na farko aka ba su darussan kiwon lafiya kawai. Gida na biyu aka ƙara musu da mai horo, wanda yake kiran su a waya a kai a kai har shekara 2, ana shawara kan abinci da tafiya a ƙasa.

A 2023 aka ba da rahoto. Cikin wata 12, matan da ake kira a waya sun rage kusan kashi 5 cikin 100 na nauyinsu. Misali, mai kilo 80 ta zubar da kilo 4. Sauran kuwa ƙaruwa suka ɗan yi. Ku lura da kyau, wannan rahoto ya nuna rage ƙibar yana yiwuwa ne. Bai ce ciwon ba zai dawo ba, domin wannan sai an bi matan shekaru ana dubawa. Don haka duk mai tallar shayin rage ƙiba a kasuwa da ya ce muku Turawa sun tabbatar yana maganin daji, ƙarya yake.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Da yawa daga cikinmu a nan ba ƙiba ce damuwarmu ba. Mace siririya ko wadda magani ya ramar, ita abinci mai kyau take bukata. Kuma ramar da ta zo haka kawai ba dalili, alama ce ta a koma asibiti da wuri. Mai jiki ita ce za ta rage sukari, lemon kwalba da soye-soye, ta ƙara wake, zogale, rama da kuɓewa. Ta yi tafiyar rabin awa kwana 5 a mako, ko da zagaya tsakar gida ne. Daka da ɗaukar bokiti kuwa ta tambayi likita tukuna, domin hannun ɓangaren da aka yi wa aiki yakan kumbura. In an ba ta ƙwayar tamoxifen ta ci gaba da sha, rage ƙiba ba ya maye gurbinta.

Yanzu sai maganar shiga bincike. Manyan asibitocinmu na koyarwa su ma suna bincike iri-iri, kuma wata rana ana iya miƙo wa ɗayarku takarda. Na san abin da zai faɗo muku a rai. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran. Sai a 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano. Tsoron da mutanenmu suke ji yana da tushe, ba na raina shi.

Amma ni a ganina gudu ba shi ne mafita ba. In ba a yi bincike da matanmu ba, kullum da jikin wasu da abincin wasu za a auna mu. Matar Boston ba ta cin tuwon dawa. Tun 2007 Nijeriya take da ƙa'idar binciken lafiya, kuma ta ba ki haƙƙi. Dole a yi miki bayani da Hausa. Ki tambaya: me za a yi mini? Wata nawa za a ɗauka? Za a ɗebi jinina? Wa zai biya kuɗin mota daga Gude zuwa Kano? In wani abu ya same ni, wa zai yi mini magani? Ki nemi lokaci ki yi shawara da maigida. Ki karɓi kwafin takardar ki zo da shi gida. In kin ce a'a, ba wanda zai hana ki magani. In kin shiga kika ga ba za ki iya ba, kina da ikon fita ko yaushe.

Wadda karatunta bai yi ƙarfi ba tukuna, kada ta dangwala hannu sai wani da ta yarda da shi ya karanta mata layi-layi. Na roƙi malama mako mai zuwa ta rubuta waɗannan tambayoyi 5 a allo, kowa ta kwafa a littafinta. Yanzu mai tambaya ta ɗaga hannu. Wadda take jin kunya ta faɗa wa malama a kunne, ita sai ta faɗa mini.