Ɓera Mai Jinin Ɗan'adam: Lacca Kan Binciken Sikila



Ɓera ba ya yin sikila, kuma wannan ya daɗe yana ci wa masu bincike tuwo a ƙwarya. Cutar tamu ce mu 'yan'adam: kuskure guda a ƙwayar gadon da ke haɗa himoglobin, sai jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi. Ba a fara gwajin sabon magani a jikin ɗan mutane. To a jikin wa za a gwada?

Da farko an cusa wa ɓeraye ƙwayar gadon sikila ta mutum, aka bar musu tasu. Ba su yi ciwon kirki ba, domin himoglobin ɗin ɓeran ya hana na mutum dunƙulewa. Mafita ta zo daga aikin Mario Capecchi da Martin Evans da Oliver Smithies, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2007. Su suka nuna yadda za a nufi ƙwayar gado guda, a cire ta, a dasa wata a daidai gurbinta. Gurbin nan shi ne sirrin, domin ƙwayar da ta zauna a mazauninta ta fi bin tsarin jiki a kan wadda aka jefa inda ta faɗa.

A 2006 ɗakin binciken Tim Townes na Jami'ar Alabama da ke Birmingham, Amurka, ya fito da ɓeran da himoglobin ɗinsa duka na mutum ne. Yana fama da ƙarancin jini, ƙoda da hanta suna lalacewa. Shekara guda bayan haka, Jacob Hanna da Rudolf Jaenisch suka ɗebi ƙwayoyin fatar irin wannan ɓera, suka mayar da su ƙwayoyin asali, suka gyara kuskuren, suka dasa masa. Jininsa ya gyaru.

Sai dai ɗalibai, ku yi hattara da kanun labarai. Himoglobin kawai aka musanya, sauran jikin na ɓera ne. Saifarsa girma take yi ƙwarai, alhali ta mai sikila yawanci ƙanƙancewa take yi tun yana yaro. Jar ƙwayar jinin lafiyayyen ɓera kwana 40 ko ɗoriya take yi, tamu 120. Ɓeran keji kuma bai san cizon sauro ba, balle zazzaɓin da ke kwantar da yaranmu. A ganina, duk sakamakon da ya fito daga keji sai an sake tantance shi a asibitocinmu.

Kuma ruwanmu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara a Nijeriya. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy don masu sikila, maganin farko na gyaran ƙwayoyin gado da fasahar CRISPR. Kuɗin da aka sanya masa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda, ban da kwanciyar asibiti da dashen ɓargon da yake buƙata.