Wutar rana: ina kuɗin ke tafiya?

Jama'ar Maraɗi, Tibiri da Jiratawa:

A watan Agusta 2023 Nijeriya ta yanke wutar da ke zuwa daga Katsina. Sai Maris 2024 ta dawo. Shi ya sa magidanta ke son farantin rana bisa rufi.

Faranti yana kai shekara 20. Batir ne mai cin kuɗi. Batir mai ruwa, da zafin nan namu, shekara 2 ko 3 ya mutu. Magidancin da bai ajiye kuɗin sabo ba, gidansa zai koma duhu.

Mai lambu ya fi sa'a: famfonsa da rana yake aiki, ba ruwansa da batir. Sai dai da hunturu ya riƙa goge ƙura kowace safiya.