Gida Biyu Maganin Gobara: Windows da Linux a Kwamfuta Ɗaya



An umurce ni in yi bayani a kan tsofaffin kwamfutocin da wasunmu ke son bai wa makarantarmu. Abin da ya jawo maganar shi ne, tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kyauta, kuma yawancin waɗannan na'urori ba za su ɗauki Windows 11 ba. To, sai a zubar da su? A'a. Hausawa sun ce gida biyu maganin gobara. A bar Windows a wurinta, a sa mata Linux a gefe.

Linux babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, amma kyauta ce. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar da ita a watan Agusta na 1991, watan da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Ashe sa'o'in juna ne.

Ga yadda ake yi. Da farko a kwashe muhimman takardu a ajiye a filas. Sannan a raba ma'ajiyar kwamfutar gida biyu, a ware wa Linux aƙalla gigabait 25. Windows ce za ta riga shiga, Linux ta biyo baya, domin ita ce ke kawo jerin zaɓin da ake kira GRUB. Duk lokacin da aka kunna na'ura, sai ta tambayi wadda ake so. Kada a fara rabon sai da cikakken caji ko janareta, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya lalata komai. In kuka ga agogo ya saɓa da awa ɗaya, kada ku damu: Linux na lissafi da agogon duniya, Windows da namu, kuma ana daidaita su.

Amfanin shi ne, yaro zai koyi aikin ofis a Windows, ya shiga intanet ta Linux wadda har yanzu ake toshe mata kafofin ɓarna. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Ƙanenmu na Argungu da Birnin Kebbi bai kamata ya fara taɓa ta a zauren jarrabawa ba.

Saboda haka ina roƙon duk mai tsohuwar kwamfuta ya miƙa wa sakataren ƙungiya. Allah Ya bar zumunci.